Goggo Ta Cika a Ɗakinta

Ranar da Goggo ta rasu ba a yi kururuwa a unguwarmu ba. Da wani baƙo ya leƙo, da sai ya ce mutanen nan ba su da tausayi. Gidan ƙarami ne, bai ɗauki masu gaisuwa ba, mata suka cika tsakar gida har bakin danga, wasu a tabarma, wasu a kan turmin da aka kwantar. Maza kuma suka yi shimfiɗa a gindin ceɗiyar da ke waje. Duk wadda ta shigo sai ta durƙusa ta ce, "Ashe lokaci ya yi. Allah Ya jiƙan Goggo, Ya ba ku haƙuri." Sannan ta rage murya ta tambaya, "A ina ta cika?"

Mu ce, "A ɗakinta. A kan gadonta."

Sai ka ji an sauke ajiyar zuciya. "To, alhamdu lillahi. Alhamdu lillahi."

Mutum ɗaya ce ta yi kuka sosai, maƙwabciyarta Bafulatana mai sayar da nono, wadda duk muke kira Dada. Ta zauna a bakin murhu ta rufe fuska da gefen zane. Da Inna, mahaifiyata, ta dafa ta tana ba ta haƙuri, sai ta ce da Hausarta mai karkata zuwa Fulatanci, "Ni ba ita nake yi wa kuka ba, ita kam ta huta. Kaina nake yi wa. Shekara da shekaru kullum sai ta ce nonona ya yi tsami, kullum kuma sai ta saya. Gobe wa zai yi mini faɗa?" Mata suka yi dariya, hawaye na idonsu.

A waje Baba ne ke karɓar gaisuwa, don shi ne ƙaninta, kuma shi kaɗai ya rage mata cikin 'yan ɗakinsu. Mijina ya gaya mini da aka dawo daga maƙabarta liman ya ce da shi, "Sai haƙuri, maigida." Baba ya ce, "Malam, ni yau godiya nake yi. Ta ce ba za ta bar gidan nan da ranta ba, kuma Allah bai kunyata ta ba."

Ni da na yi jinyarta na zaci ran nan ba zan iya tsayuwa ba. Sai na ji kamar wadda ta ɗauko tulu daga kogi mai nisa aka sauke mata: wuya na ciwo, amma ruwan ya iso gida bai zube ba. Wanda bai san Goggo da ɗakinta ba ba zai gane wannan godiya ba, shi ya sa zan faɗi abin da na sani.

Goggo yayar Baba ce, uwa ɗaya uba ɗaya. Kakanmu ya zo Garwa daga ƙasar Kano cikin ayarin fatake tun ba a san Bature ba a nan, ya ga kogin Binuwai, ya ga kasuwa, ya sauke kaya bai ƙara ɗauka ba. Uwarsu ta rasu Baba yana rarrafe, Goggo ce ta goye shi, har ya yi furfura kuma ba ta daina kiransa Auta ba. Mijinta mai fataucin goro ne, ya tafi wajen Ngaundere wata shekara, sai rigarsa da labarinsa suka dawo. 'Ya'yan da ta haifa babu wanda ya yi ƙafa. Da aka yaye ni Baba ya kai mata ni riƙo. A hannunta na girma, daga ɗakinta aka kai ni ɗakin miji.

Gidan nata, in ka tsaya a tsakiya ka miƙa taɓarya, ka kusa taɓa ko'ina. Ɗaki ɗaya ne na jinka, da 'yar rumfa inda murhu yake, da randa a gindin lalle, sai dangar zana. Amma wanda ya sunkuya ya shiga ɗakin nan, sai ya tsaya ya yi kallo kafin ya zauna. Daɓen ya sha makuba har yana sheƙi, in ka taka sai sanyi ya ratsa tafin ƙafarka. Bangon kuwa duk shekara in damina ta ɗauke sai ta sake shafe shi, jar ƙasa daga ƙasa zuwa ƙugu, farar ƙasa daga nan zuwa sama. Tun yana ɗanye take bin sa da bayan ludayi tana fitar da zane, nan kamar sawun tsuntsu, can kamar igiyar ruwa. Ban taɓa ganin ta maimaita zanen bara ba.

Jerenta ba irin na amare ba ne, inda kowane kwano ke da ɗan'uwansa. Nata babu biyu da suka yi kama. Akwai baƙin akushi da ya tsage aka ɗaure shi da fata. Akwai tasar tagulla aikin Nupawa mai lotsawa a gefe ɗaya, wadda take gogewa da toka da tsamiya har ka ga fuskarka a karkace. Akwai faya-fayen Fulani da launinsu ya koɗe, ta liƙa su a bango manya a ƙasa ƙanana a sama, da ƙoren da suka sha ɗinki. Kantar da aka jera su a kai ma wani katako ne na tsohon kwalekwale da ruwa ya turo gaɓa, ta sa aka ɗauko mata. Ran kasuwa ba ta zuwa da safe lokacin da ake rububi. Sai rana ta karkata take ɗaura gyale ta zaga ta bayan rumfuna, inda tsofaffi ke baza tarkacen gidan da aka tashi ko na mamacin da ba shi da magaji. In aka ce mata ga sabo can ya fi kyau, sai ta ce, "Sabo bai san kowa ba. Ni wanda ya sha hannu nake so."

Wata rana ina yarinya muka je bakin kogi sayen kifi. Masu banda sun tara itacen wuta, a ciki har da wata kujera 'yar tsugunno, baƙa ƙirin, ƙafarta ɗaya ta karye. Goggo ta tsaya cik.

"Wannan fa?"

Mai bandar ya ce, "Ta wuta ce, Iya."

"Wutar taka ba ta cin kirare ne, sai kujera?"

Ya yi dariya ya ce to me za ta ba shi. Ta ce, "Gobe war haka ka aiko a karɓi dambu. In ka ci ka ce na cuce ka, ka zo ka ɗauki abarka." Ta ɗora mini ita a kai. Ta kai wa masassaƙi ya sa mata ƙafa, ta kankare dauɗar da yashi, ta yi ta shafa mata man kaɗe, sai ga sassaƙa ta fito a gefenta, wasu 'yan kadoji sun ciji wutsiyar juna. Mai bandar bai dawo neman kujera ba, amma ya yi ta dawowa neman dambu har ya bar garin. A kan kujerar nan take zama ta yi girki.

Girkinta ba na biki ba ne, na kullum ne. Tuwon dawa, miyar kuka, miyar kuɓewa, ɗumame da safe, kunun tsamiya in zafi ya yi yawa. Amma abin da aka san ta da shi miyar yakuwa ce, wadda Dada ke kira folere. Takan jiƙa busasshen kifin Binuwai a ruwan zafi, ta zare ƙayoyin da yatsa a hankali kamar mai tsince ƙwarƙwata, ta daka daddawa da barkono da citta, ta dama gyaɗa. Kanwa kuwa ɗan abin da yatsu biyu suka ɗauka, don ta karya tsamin ba don ta kashe shi ba. Tukunyar miyarta ta ƙasa ce, ba a taɓa dafa wani abu a ciki ba. In ina hura wuta da ƙarfi don in gama in tafi wasa, sai ta zare itace ɗaya ta ce, "'Yar nan, ina za ki? Miyar ba ta ce tana sauri ba." Ba ta ɗanɗana da baki a ludayi, sai ta ɗiga a tafin hannu, ta lasa, ta ɗaga kai sama kamar mai sauraron magana daga nesa.

Ba zan ce ba ta da aibi ba. Goggo za ta ba ka tuwonta ta wuni da yunwa, amma ba za ta ara maka murfin tulu ba. Da aka haifi ƙanena, Inna ta aiko a ara mata tasar Nupawan nan don ranar suna. Goggo ta ce a gaya wa mai jego tasar ba ta fita unguwa. Inna ta ji haushi ƙwarai. Ran suna kuwa tun da sassafe sai ga Goggo da muciyarta, ita ta tuƙa tuwon taron gaba ɗaya, ba ta zauna ba har baƙi suka watse. Inna takan ce, "Yayar babanku ta ba ni bayanta da hannuwanta, ta hana ni kwano."

Da Jamusawa suka zauna a garin suka buɗe kanti, Allah Ya buɗa wa Baba. Yana kai musu ƙaro da danƙo, in kogi ya cika jirgi ya hauro ya sari kaya. Ya gina soro. Wata shekara ya aika wa Goggo kwanukan Bature, farare tas masu bakin shuɗi, irin waɗanda matan attajirai ke gasa a kansu. Da ya zo gaishe ta sai ya tarar da babban cikinsu a gindin lalle, kaji na shan ruwa a ciki.

"Yaya, kwanon da na aiko ke nan?"

Ta ce, "Shi ne, Auta. Ka ga ba ya fashewa in sun ture shi. Na gode ƙwarai."

Ya yi kwana biyu yana fushi, ya huce. Wannan ba faɗa ba ne. Faɗan na gaba.

Wata safiya da rani sai ga wani Bature a kan doki, da tafinta, da sojoji, da mutane masu jan doguwar igiya. Hanya suke so miƙaƙƙiya daga bariki zuwa inda jirgi ke tsayawa. Suna tafe suna kafa turaku masu farin kai, ba sa kauce wa komai. Suka ɗaga zanar Goggo suka shigo, suka kafa ɗaya a tsakar gidanta, tsakanin murhu da ƙofar ɗaki. Tafinta ya ce duk gidan da turke ya faɗa ciki za a rushe shi in aiki ya iso, wanda kuma ya tumɓuke turke zai gamu da hukunci. Goggo tana zaune tana tankaɗe, ba ta ajiye rariya ba. Da suka fita ta dubi turken ta ce, "Dama ina neman wurin rataye faifai." Ta rataye.

Maƙwabta suka fara kwashe kaya. Baba ya zo da yamma, ina nan, don gidan mijina ba nisa.

"Yaya, na sa an share miki ɗaki a gidana. Ya fi wannan sau nawa. Gobe zan turo a kwashe abin da za a iya kwashewa."

"Bangon ma za a kwashe?"

"Wane bango kuma?"

"To daɓen fa? In ba za a kwashe su ba, ni ma ba za a kwashe ni ba."

Ya yi lallashi, ya kawo maganar tsufa, ya kawo maganar sojoji, ya ce mutane za su ce ya bar yayarsa a tozarta ta alhali yana da hali. Ita dai tana tsinke yakuwa. Da haƙurinsa ya ƙare sai ya ce, "Wallahi tarkace kike gadi, Yaya. Abin da mutane suka zubar, shi za ki mutu a kansa?"

Ta ɗago ta dube shi. "Kai ma ran da uwarmu ta rasu cewa aka yi ba za ka yi rai ba. Ƙashi da fata ne kai, ana ta kauda kai. Ni na ɗauka."

Baba ya miƙe, ya sa takalmi, bai yi sallama ba. Daga ran nan ya ɗauke ƙafa. Hatsi bai fasa aikowa ba, ita ma ba ta fasa zuba miya a ƙaramar tukunya ta ce in kai gidansu ba. In na ajiye ba ya tambayar daga ina, ba ya kuma ragewa. Amma sunanta bai ƙara fita daga bakinsa ba, ita ma in na ce Baba kaza sai ta ce in miƙo mata gishiri.

A shekarar nan, da turke a tsakar gida, ta kwaɓa ƙasa ta sake shafe bangonta, ba ta ko jira damina ta zo ta wuce ba. Mutane suka ce tsufa ya fara taɓa ta. Na ce, "Goggo, wahalar me za ki yi wa bangon da za a rushe?" Ta ce, "Ai yau ba a rushe ba. Yau a ciki zan kwana."

Aikin hanya ya taso daga bariki yana matsowa. Masu haƙan ba 'yan gari ba ne, an kwaso su ne daga ƙauyukan arewa, wajen Kaele, ba sa jin Hausa, Fulatancinsu ma kaɗan ne. In rana ta take sukan zube a gindin ceɗiyar ƙofar gidanta. Goggo ta leƙa ta saman danga ta ga abin da suke ci, tsabar dawa ce jiƙaƙƙiya suke watsawa a baki. Ta koma bakin murhu. Washegari ta ɗora babbar tukunya ta dama kunun gyaɗa, ta miƙa musu ta kan zana. Rana ta uku ta yi dambu. Wata maƙwabciya da ta riga ta kwashe kayanta ta ce, "Goggo, masu rushe miki gida kike ciyarwa?" Ta ce, "Ke kin ga alamar sun zo da son ransu? Su an riga an raba su da nasu gidajen."

A cikinsu akwai wani dattijo mai furfura, shi ke dawo da ƙwarya. Ran nan ya shigo ya ajiye, idonsa ya faɗa cikin ɗaki, sai ya tsaya kamar an kafa shi. Wani ɗan tulu yake kallo mai siririn wuya, an zagaye kafaɗarsa da ɗigo-ɗigo, wanda Goggo ta samo a bayan kasuwa tun ina ƙarama. Ya yi ta magana yana nunawa. Aka kira Dada ta saurari guntun Fulatancinsa, ta ce, "Wai matan garinsu kaɗai ke yin irin wannan. Wai matarsa ma tana yi. Bai ce a ba shi ba, yana roƙo ne ya ɗan riƙe."

Na san halin Goggo, na ce yau za a ji kunya. Ta daɗe tana kallon tulun. Sannan ta shiga ta sauko da shi, ta ɗauraye, ta cika shi da ruwan randa, ta sa masa a hannu biyu. Ta ce da Dada, "Gaya masa ya tafi da shi. Mutum na aiki a rana ba shi da abin shan ruwa." Dattijon ya durƙusa yana ta faɗin "useko, useko," wato godiya da Fulatanci, ya fita rungume da shi kamar jariri. Goggo ta shiga ɗaki ta kwanta ta juya wa ƙofa baya. Na ce, "Goggo, kin yi abin lada." Ta ce, "Kada ki yi mini magana yau." Sai da gari ya waye ta tashi ta matsa akushi ya rufe gurbin.

Ruwan farko bai daɗe da sauka ba, sai Goggo ta faɗi a bakin murhu. Dada ce ta ji ƙarar tukunya ta shigo. Ɓarin jikin Goggo na hagu ya shanye, bakinta ya karkace, magana sai da ƙyar. Mijina ya ce in koma in zauna da ita. A lokacin aiki ya iso unguwarmu. Daga cikin ɗaki muna jin faɗuwar katangun mutane, muna ganin ƙura na tashi ta saman danga. Duk safiya in na buɗe ƙofa turken nan nake fara gani. Abin da ke cin raina shi ne ranar da za a fito da ita a tabarma a ajiye a rana, tana kallo ana tura bangonta, ba ta da bakin magana. Ita ma ta sani. In ta ji ƙarar diga sai idonta ya bi bangon, ya bi jeren, ya dawo kaina.

Baba ya zo da ya ji labari, ya zo da ƙarti da gadon kara don a ɗauke ta. Ya sunkuya ya shiga. Ta gan shi, ta ga mutanen da ke bayansa, sai ta miƙa hannunta mai lafiya ta damƙe ƙafar gado. Ba ta iya cewa komai ba, jijiyoyin hannun ne kawai suka tashi. Baba ya tsaya yana kallon hannun nan. Can sai ya juya ya ce da mutanen, "Ku tafi, na gode." Ya tuɓe babbar rigarsa ya rataye, ya zauna a daɓe kusa da ita.

"Saki, Yaya. Ba mai taɓa ki. Mu zauna tare, in sun zo su same mu."

Ta saki gadon ta kama hannunsa. Na fita na bar su.

Ya yi iya ƙoƙarinsa. Ya bi ta wurin sarkin Hausawa aka kai kuka fada, aka ce maganar Bature ce, ba mai iya tanƙwara ta. Sai ya koma zuwa kullum bayan azahar ya zauna har la'asar, yana ba ta labarin kasuwa, ita tana jin sa da ido. Gida ɗaya ya rage tsakaninmu da masu haƙa.

Sai Allah Ya sako ruwa. Aka yi kwanaki ana sheƙawa ba a ga rana ba. Binuwai ta cika ta tumbatsa, ta hauro fadamar da ke ƙasa da mu, ruwan tudu kuma ya sami sabuwar hanyar nan miƙaƙƙiya ya bi ta da gudu, ya zaftare ta ta koma kwazazzabo. Aiki ya tsaya. Muka zauna ba mu san abin da za a yi ba. Da ruwa ya janye Baturen ya zo ya duba, ya yi ta faɗa da yarensu, ya tafi. Ba a jima ba sai ga wani soja ya yi sallama a bakin danga. Na ce a raina yau ce ranar. Ya shigo ya tsaya gaban turken, ya cire faifan da ke rataye ya miƙo mini, ya girgiza turken ya tumɓuke, ya saɓa a kafaɗa. Da Hausarsa ta bariki ya ce, "Hanya ya koma sama. Nan babu."

Na zauna a ƙasa da faifai a hannu. Baba ne ya shiga ya gaya mata. Ta rufe ido, hawaye ya gangaro ta gefen da ya shanye. Sannan ta yi ta motsa baki, muka kasa kunne, da ƙyar muka gane abin da take cewa.

"Ramin. A cike. Kada wani ya faɗi."

Baba, mai soro, mai ciniki da kanti, ya durƙusa ya cike ramin nan da hannunsa, ya daddanna da dunduniya.

Ban ce kowa ya yi murna ba. Turakun da aka cire daga wajenmu a gidajen wasu aka kafa su, can kan tudu, su ma suka yi kukan da muka yi. Waɗanda aka riga aka rushe wa kuma ba a mayar musu da komai ba. Mun san da haka, shi ya sa godiyarmu ba ta da guɗa.

Goggo ta ƙara 'yan makonni, kuma su ne mafi sauƙi a jinyar. Ciwon bai sake ta ba, amma ta daina firgita. Ta sa na jawo murhu bakin ƙofa don ta riƙa ganin girki daga kwance. In na kai hannu ga kanwa sai ta buga gado da yatsa, wato ya isa. In na cika wuta ta sake bugawa. Baba ya koma cin tuwon rana a wurinta, a cikin tsagaggen akushin nan, yana gutsura kaɗan yana sa mata a baki. Ran Alhamis bayan azahar numfashinta ya sauya. Ni da Inna da Dada muna gefe, Baba na riƙe da kanta yana maimaita mata kalmar shahada, leɓenta na bin sa. Ƙofa a buɗe, hasken rana na kan bangon da ta shafe. Haka ta tafi, kamar wadda barci ya ɗauka a tsakiyar hira.

Bayan an share makoki mata suka zaci Baba zai sa a kwashe kayan a rufe gidan, tunda shi ne magaji. Sai ya kira ni ya ce, "Ɗauki abin da kike so, ki bar sauran inda suke." Ashe ya riga ya yi magana da wata tsohuwa daga kan tudu, wadda sabuwar hanyar ta ci gidanta, tana raɓe a rumfar wasu ita da 'yarta gurguwa. Ya ce ta zo ta zauna, babu abin da zai karɓa.

Ni na buɗe mata ƙofa ranar da ta tare. Ta ajiye ƙullin kayanta a waje, ta cire takalmi, ta sunkuya ta shiga. Ta tsaya tana bin bango da jere da kallo. Ta kai hannu za ta taɓa bango, ta janye.

"'Yata, a nan za mu kwana? Ni tsoron ɓata wurin nake yi."

Na ce, "Iya, ɗaki ne. Ki hura wuta, ki ci, ki kwanta."

Ta zauna a bakin gado a hankali, ta jawo 'yarta kusa da ita. Sannan ta ce, "Ban san mai ɗakin nan ba, ban taɓa ko ganinta ba. Zauna ki gaya mini wace irin mace ce, don in san wadda zan riƙa yi wa addu'a."

Na zauna na fara, ban tashi ba sai da aka kira la'asar. Abin da na gaya mata ran nan shi ne na faɗa a nan.

Allah Ya gafarta wa Goggo, Ya sanyaya makwancinta. Ya ba ta ɗaki a Aljanna, ko da ƙarami ne, wanda babu mai zuwa ya ce mata ta tashi.